'Yan Ƙwallon da Ba Sa Wuce Wanda Ya Faɗi

Maigidana ya dawo daga yaƙi da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, saboda haka kowa barka ya yi mini. Ni ma na gode wa Allah, na yi waina da miyar taushe na rarraba wa maƙwabta a benenmu na unguwar Hulme a Manchester, har da waɗanda ba sa amsa gaisuwa. Sai da ya ajiye kaki ya zauna a gida sosai sannan na fahimci ba duka mutumin aka dawo mini da shi ba.

Karatu ne ya kawo mu Manchester muna sabon aure. Karatun ya ƙi, sai ya shiga aikin sojan ƙasar nan, kamar yadda samarin Afirka da dama suka yi a lokacin, aka kuma kai su Afghanistan ba sau ɗaya ba. Mutumin da na aura a Zariya mai surutun tsiya ne, in ya ɗauko labari sai tuwo ya sandare a gabansa. Wanda ya dawo kuwa ko gaisuwa da ka yake amsawa. Ya sami aikin gadi a wani babban ɗakin ajiyar kaya a Ardwick, irin aikin da mutum zai wuni bai ce wa kowa uffan ba, kuma da gani da gangan ya neme shi. Daga wurin aiki sai kujerar falo. Ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna, ranar Juma'a yana sahun ƙarshe dab da ƙofa, liman na sallamewa ya zura takalmi. Na ja shi wurin likita, likita ya tura shi wurin masu sauraron damuwar mutane, ya je ya yi musu irin shirun da yake yi mini, suka ce ai mutum ne mai natsuwa.

Ni mafaɗaciya ce, duk wanda ya san ni ya san haka. Amma faɗa da wanda ba ya tankawa wahala ce kawai. Na yi faɗan, na yi lallashi, na yi gaba, duk bai canza komai ba, shekaru suka yi ta tafiya a haka. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma tsoron bai taɓa barina ba: kada wata rana in waiwaya in tarar mijina ya gama ɓacewa alhali yana zaune a gabana.

'Yarmu ta fari ce ta ɓullo da maganar ƙwallo. A nan aka haife ta, Turancinta na 'yan Manchester ne wanda ni kaina sai na kasa kunne sosai, Hausa kuwa ɗai-ɗai take tsinto kalmomin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ta shiga jami'ar da ke kusa da gidanmu sai ta faɗa cikin masu shirya gasar ƙwallon da ɗalibai ke yi tsakaninsu duk ranar Laraba da yamma. A shekarar wata ƙungiya ta watse tun ba a fara ba, gurbi ya samu, kuma dokarsu ta yarda a cike shi da ƙungiyar 'yan gari. Ba ta yi shawara da ni ba, balle da ubanta. Ta ɗauki waya ta kira Sajan.

Sajan shi ne ubangidan maigidana a soja, kuma har yau da wannan muƙamin kowa ke kiransa, har matarsa in ta so tsokana. Kirista ne ɗan Filato, a bariki aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yanzu bas yake tuƙawa a Birmingham, yana zaune a Lozells. A can fagen yaƙi shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon sansaninsu. A kan tsakuwa suke bugawa, jarkoki ne raga, in jirgi mai saukar ungulu ya taho su dakata, ya tashi su ci gaba. Da suka bar aiki sai ya riƙa tattara tsofaffin sojoji duk Lahadi bayan an taso daga coci, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da wani ƙaton ɗan Fiji da 'yan Turawa kaɗan, suna motsa jini a wani fili. Ya sha kiran maigidana, shi kuwa ya sha cewa yana da aiki.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofarmu, ya cika ta fam.

"Madam, ina Kofur ɗina?"

Na nuna masa falo da haɓa. Ya shiga, bai ko zauna ba.

"Kofur, mun samu slot a league ɗin 'yan uni. Laraba za mu fara. Ba ni da left back, mai tsaron baya ta hagu."

"Oga, ina da shift ranar Laraba."

"Ka yi swapping da wani."

"Ga gwiwata kuma, likita ya ce..."

"Na tambaye ka gwiwa?"

Maigidana ya dubi ƙasa, ya dubi Sajan, sai na ji ya ce, "To, Oga." Abin da na yi shekaru ina nema da hawaye da masifa, wannan bawan Allah ya same shi tun ban gama haɗa masa shayi ba. Na yi murna, amma gaskiya na ji haushi ma.

Ranar wasan farko na ɗauki hutu daga gidan kula da tsofaffin da nake aiki, na yi dafa-duka cike da babbar tukunya, don na san maza masu waɗannan shekarun in suka yi gudu ba abinci sai dai a kwashe su. Filin yana bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, ciyawa jiƙe sharkaf, iska kuma tana shiga har ƙashi. Ɗaliban suka fito, sabbin jini, ko mai tumbi ɗaya babu a cikinsu. Namu suka fito a jere kamar za su fareti, masu sanƙo da masu furfura, kowa ya ɗaure gwiwa da bandeji. Ɗalibai suka yi ta ƙunshe dariya. Alƙalin wasan ma ɗalibi ne, sa'an 'yata, amma duk sanda ya busa usur sai ka ga ƙattin nan sun ƙame suna sara masa, har ya rasa inda zai sa kansa.

Da farko sun ba kowa mamaki, don ba su da gudu amma ba wanda ke barin wurinsa. Ɗalibai su taho a guje, su tarar ba hanya. Ana cikin haka sai wani ɗan Ghana da ke buga tsakiya ya zame a taɓo ya faɗi rigingine. Kafin in ƙifta ido namu duka sun bar ƙwallo sun yi kansa. Wasu suka zagaye shi suka juya masa baya suna kallon waje, maigidana ya durƙusa yana shafa shi daga wuya har ƙafa yana tambayarsa ko yana jin sa. Hatta gola ya baro raga ya sheƙo. Ɗaliban suka tsaya da ƙwallo a ƙafa suna kallon alƙali, alƙali ya ɗaga kafaɗa don ba wanda ya yi laifi. Wani daga cikinsu ya gangara da ita a hankali ya tura cikin raga, yana waiwaye kamar wanda ya ɗauki nama a tukunyar uwarsa. Ɗan Ghana kuwa takalmi ne kawai ya fice masa.

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ɗauka kuskuren rana ɗaya ne. Ashe abin a jininsu yake. Sati na gaba haka, na bayansa ma haka. Ba shawara suke yi ba, jikinsu ne ke tafiya kafin hankalinsu ya iso, kuma kullum maigidana ne farkon isa. Ko ɗalibi ne ya faɗi sai sun tsaya. Wasu masu wayon tsiya a cikin ɗaliban suka gano lagonsu, in wasa ya yi zafi sai ɗaya ya zube ƙasa ya riƙe ƙafa, saura su wuce da ƙwallo. 'Yata ta dawo gida wata rana ta rufe fuska da hannu.

"Mum, kin san me suke kiran team ɗin Baba? The Ambulance. It's so embarrassing."

"Ke kika jawo su ai," na ce mata. "Sai ki sha kunyarki."

Ni kam ko a jikina, a yi ta cin su. Abin da nake kallo a gida yake. Maigidana ya fara wanke takalman ƙwallonsa a bahon wanka, ya bar mini taɓo, na yi masifa, sai ga shi ya rama. Ya ce baho na kowa ne. Rabon da ya mayar mini da magana har na manta, na tsaya riƙe da soso ina kallonsa. Ya fara cin abinci sosai. Wata Alhamis na jiyo shi a waya yana yi wa golansu tatas, wai hannunsa rariya ce, yana yi yana dariya. Na shige kicin na rufe ƙofa na yi kukana na murna, na wanke fuska na fito na ce ya rage murya akwai maƙwabta.

Amma Sajan ba ya son a ci shi, ko a ludo ne. Ya ce wannan abin kunya ne, tsofaffin sojoji su zama abin dariyar waɗanda ko wankin kayansu ba su iya ba, dole a yi maganin abin. Ya kira atisaye na musamman a Birmingham ranar Lahadi. Matarsa ta yi mini waya ta ce in biyo maigidana, za ta yi mini gwaten acca, ni kuwa ba a kirana gwate in ƙi. Muka kama hanya da safe.

Filin yana can ƙarshen wani layi a Lozells, bayan jerin gidajen nan masu manne da juna da 'yan kantunan da ke sayar da doya da busasshen kifi. Ni da matar Sajan muka zauna a benci da kwanukanmu, ita ko kayan coci ba ta canza ba. Dabarar Sajan mai sauƙi ce. Za su taho da ƙwallo a guje, in ya busa usur sai wanda ya nuna ya zube ƙasa ya yi ihu, saura kuma su wuce shi ba waiwaye. Wato zai koya musu barin mutum a ƙasa, yadda aka taɓa koya musu ɗaukarsa. Farkon abin wasa ne. Ɗan Fiji ya faɗi tim yana kiran uwarsa, rabinsu suka tsaya, Sajan ya yi ta bambami, ni da matarsa muna ta dariya har gwate ya sarƙe ni.

Sai aka zo kan maigidana. Wanda aka nuna ya faɗi daidai gabansa, ba hanyar kaucewa. Na ga ya rage gudu zai tsaya, sai Sajan ya daka masa tsawa da muryar da ba ta wasa ba.

"Tsallake shi, Kofur. Keep moving, kar ka tsaya."

Ya tsallake. Ya yi 'yan taku, sannan ya tsaya cak, hannuwansa a sake. Ƙwallo ta wuce, mutane suka wuce. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmansa a natse, ya cire su ya riƙe a hannu, ya taka jiƙaƙƙiyar ciyawa da safa har wurin mota, ya shiga ya rufe ƙofa. Bai kalli kowa ba.

Na miƙe zan bi shi, Sajan ya tare ni. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan haka ba.

"Madam, na yi ɓarna. Ki ɗan tsaya in gaya miki, don na san shi ba zai faɗa ba."

A tsaye a bakin filin nan ya ba ni labarin da na yi shekaru ina zaune da shi a gida ɗaya ban sani ba. Suna da aboki a can, ɗan Gambiya, shi ne golan ƙungiyarsu ta sansani, gadonsa kusa da na maigidana. Wata rana suna sintiri aka buɗe musu wuta a sarari, mafaka ɗaya ce, wata katanga a gabansu. Abokin yana gaba, harsashi ya same shi ya faɗi a kan hanyar maigidana. Ƙa'ida ita ce kowa ya kai katanga tukuna a mayar da wuta, sannan a koma a ɗauko wanda ya faɗi, in ba haka ba duk a rasa su. Sajan ya ba da umarni, maigidana ya tsallake abokinsa, kuma yana tsallakewa idonsu ya haɗu. Sun koma sun ɗauko shi da rai, amma bai kai asibiti ba.

"Ba wanda ya yi laifi, Madam. Ko yau aka sake, order ɗin da zan bayar ke nan. Amma kalmomin da na faɗa ranar su na faɗa yanzu, exactly. Bakina ne ya riga ni."

Na so in zage shi, zagin ya zo har maƙogwaro. Sai na ga shi ma ɗauke yake da kayan nan, da su yake tuƙa bas kullum. Na ce masa Allah ya kyauta, na miƙa wa matarsa kwanonta. Daga Birmingham har Manchester maigidana bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, kuma a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya koma kujera. Wannan karon ya fi na da ciwo, don na riga na ɗanɗana dawowarsa. Sajan ya yi ta kira bai ɗauka ba. 'Yata ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta ce, "Baba, I'm sorry, ni na fara duk wannan." Ya shafa kanta kawai ya ci gaba da kallon talabijin ɗin da ba a ko kunna sautinsa ba. Ban gaya masa na san labarin ba. Na rasa ta inda zan ɗauko maganar, kuma na ji tsoron in na taɓa wurin ya ƙarasa rufewa.

Abu ɗaya na ƙi bari, shi ne dafa-dukar Laraba. Duk sati sai na dafa, na kinkimi tukunya na sauka bene na kai fili, na tsaya cikin sanyi ina kallon ana lallasa mazan mutane. Rabin abin taurin kai ne. So nake ya riƙa jin ƙamshin yana fita daga gidan ba tare da shi ba. In na dawo sai in zauna in ba bango labarin wasan da ƙarfi, wa ya faɗi, wa ya tsaya, yadda aka yi musu ruwan ƙwallaye. Bai taɓa tankawa ba, amma na lura ba ya tashi ya bar falon sai na gama.

Ranar wasan ƙarshe na zangon bayana ya riƙe, don a wurin aiki na ɗaga wata tsohuwa ba daidai ba. Na gama girki na tsaya a kan tukunya na kasa sunkuyawa. Shi kuwa yana zaune, ranar ba shi da aiki.

"Malam," na ce, "ban ce ka buga ƙwallo ba, ban ce ka gaisa da kowa ba. Tukunyar nan za ka saukar mini ka kai ni fili. In ka ga dama ka zauna a mota."

Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya tashi ya ɗauka.

Bai zauna a mota ba, don tukunya ba ta kai kanta bakin fili. Yana ajiyewa mutanensa suka gan shi. Ba wanda ya rugo, ba wanda ya yi masa maganar ɓacewarsa, kowa ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da ɗaure bandejinsa, na kuwa ji daɗin wannan hankali nasu. Shi da kansa ya bi su da ido ya ga ba su cika ba, aiki ya riƙe wasu a Birmingham. Sajan ya tako a hankali ya tsaya gefensa, suna kallon fili tare.

"Kofur, order ɗin nan na janye shi. Duk wanda ya faɗi, ka tsaya. Mu duka mu tsaya, su yi ta cin mu in sun ga dama."

Maigidana ya ce, "Wa ke left back?"

"Ba kowa. Iska."

Takalmansa suna cikin but ɗin mota tun ranar Lozells, ba wanda ya taɓa su, sun bushe sun ƙandare da taɓo. Haka ya sa su.

Wasan dai irin wanda aka saba ne. Kafin hutun rabin lokaci an tsaya wa waɗanda suka faɗi, an zura musu abin da aka zura. Ni ban damu ba, ina zaune a kujerar roba da bargo, 'yata na tsaye a bayana tana cin farce. Bayan an dawo ne wani ɗalibi ya zo zai yanke maigidana, sai maigidan nawa ya sa ƙafa ya ƙwace ƙwallon tsaf. Maimakon ya buga ta gaba kamar kullum sai ya ja ta da kansa ta gefen layi. Ban san yana da sauran wannan gudun ba. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, 'yan bayan ɗalibai duk suka yo kansa, sai ya gangaro da ita tsakiya inda Sajan ke tahowa, ba kowa a gabansa sai gola. Ƙwallon na barin ƙafarsa na ga ƙafar ta lanƙwashe, ya kife a ƙasa. Wannan ba zamewa ba ce, daga inda nake na san ya ji ciwo na gaske.

Namu duka suka ja birki. Sajan ya bar ƙwallo tana gangarawa ita kaɗai ya juyo, saura ma suka juyo. Ni ma na yunƙura, bayana ya hana ni. Sai na ga maigidana ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago kai, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Ku tafi! Oga, go on, ku bar ni. Ku tafi mana."

Suka yi turus. Ya sake daka musu tsawa yana dukan ƙasa da hannu. Sajan ne ya fara juyawa, saura suka bi shi, suka bar mijina kwance shi kaɗai a kan ciyawa. Yana kwance yana bin bayansu da kallo, bakinsa na motsi.

Na so a ce an ci ƙwallon nan. Sajan ya isa gare ta, gola ya fito, raga a buɗe, ya dage ya narka mata ƙafa, ta tashi sama ta haye raga ta haye shinge ta faɗa wurin ajiye motoci, har ƙararrawar wata mota ta hau kuka. Har yau in na so ɓata masa rai wannan bugun nake tuna masa. Amma tun ƙwallon ba ta sauka ba suka juyo, kuma gudun da suka yi na dawowa ya fi na tafiya. Suka zagaye maigidana, ɗan Fiji ya ɗauke shi cak, ɗalibai ma suka taho suna tafa musu. Shi kuwa yana hannun mutane yana yi wa Sajan tsiya, wai ƙafarsa guda ya bayar aka yi masa asararta.

A asibiti muka ƙarasa yammar, inda daga baya aka ce jijiyar agararsa ce ta tsinke. Sajan da mutanensa suka cika ƙofa har ma'aikata suka roƙe su su koma waje, 'yata ta tafi nemo mana abin sha. Muka rage ni da shi a ɗakin jira, shi a keken marasa lafiya da ƙafa a miƙe, ni a kujera da baya a riƙe. Taɓo ya bushe masa a gefen fuska. Na ciro hankici ina goge masa ina mita, cewa tsoho da shi ya rasa abin yi sai tsere da sa'annin 'yarsa.

Ya riƙe hannuna.

"Oga ya gaya miki, ko?"

Na ce ya gaya mini. Ya gyaɗa kai, ya ɗan jima yana kallon ƙafarsa.

"Da nake kwance ɗazu na ga bayansu suna gudu. Shekarun nan duk tunanina ɗaya ne, me mutum ke ji in yana ƙasa ya ga an wuce shi. Kin san me na ji? Addu'a kawai nake su kai. Wallahi ko ɗigon haushi babu, so nake su kai."

Hawaye ya zo mini, na bar shi ya zuba.

"Ƙila shi ma abokin nawa da ya kalle ni, abin da yake faɗa mini ke nan," ya ce.

Daga nan sai ya faɗi sunan abokin nasa. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Ya ce mutum ne mai son barkono, da shi yake yawo a aljihun kaki yana barbaɗa wa abincin Turawa. Ya ce bai iya gola ba ko kaɗan amma ba wanda ya isa ya gaya masa, kuma ya bar 'ya mace a Banjul da za ta yi sa'ar tamu, ya kamata a nemi inda take. Ya ɗauko wani labarin, wannan ya jawo wani. 'Yata ta dawo ta hango bakin ubanta yana tafiya, ta lallaɓo ta zauna ba ta katse shi ba. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce layi ya zo kansa, sai ya ɗaga mata hannu ya ce ta ɗan yi masa haƙuri, bai gama ba wa iyalinsa labari ba.